Igiyoyin da Na Ƙone

"Matsa kusa da shi kaɗan, Malam," in ji matata Adawiyya, tana riƙe da waya da hannu biyu. "Kai kaɗai nike gani, sai rabin ƙaho."

"Rabin ƙahon ya isa," na ce.

"Ba wanda za shi ba da kuɗinai don ya ga hularka."

Na ja baya taku ɗaya, na ji hucin bajimin a ƙeyata. Baƙi ne wuluk, mai faɗin goshi, kuma tun ranar da ya shigo kangona muka fahimci juna: shi ba ya so na, ni kuma ina tsoronsa. Shekara ashirin da shida ina koyarwa a firamare nan Bodinga. Na tsaya gaban sufeto, na tsaya gaban iyayen yaran da suka faɗi jarrabawa, amma ban taɓa duba hanyar gudu ba sai ran nan. Na gyara murya, na ce, "Jama'a Musulmi, ku dubi waɗannan shanun namu. Ruwa bai ci su ba, kada mu bari yunwa ta ci su." Na faɗi lambar asusuna sau biyu, sannan na bar wurin da saurin da bai dace da shekaruna ba.

Shanun ba namu ba ne. Bakina ne ya ga kalmar ta fi daɗi.

Maƙwabcina Baba Sodangi ne ya kawo su. Tsohon dillalin shanu ne, katanga ɗaya ta raba mu da shi. Da ambaliya ta cinye fadamun Shagari a ƙarshen damina, ya tafi wajen ƙauyen Mandera neman shanunsa biyu da ya ba kiwo. Bai same su ba. Ya yi kwana huɗu can yana bin masu kwale-kwale, sai ga shi ya dawo a ƙafa, yana ɗingishi, da tsumma ɗaure a sawunsa, yana kore da na mutane: shanu goma sha ɗaya, awaki da tumaki, da jaki guda mai kallon duniya kamar ya riga ya san ƙarshenta. Gidansa ba fili. Ni kuwa ina da kangon da na yi shekara tara ina cewa baɗi zan gina.

"Kwana biyu na, Malam Lirwanu," ya ce. "Masu su sun watse cikin makarantu da gidajen dangi. Ruwa na janyewa za su zaka."

Aka yi mako uku ba wanda ya zo. Harawar Baba ta ƙare, ta maƙwabta ta ƙare, ta kasuwa kuma ta yi tsadar da sai ka gaishe ta daga nesa, don ruwan da ya kori dabbobin shi ya cinye gonakin. Haƙarƙarin shanun ya fara fitowa. Baba ya sayar da babbar rigarsa ta Juma'a, muna gani muka yi kamar ba mu gani ba. Da na kawo masa shawarar mu nemi taimako ta waya, ya daɗe yana kallona.

"Ni ban iya roƙo ba," ya ce. "Kai da kay yi boko, ka yi."

Abin mamaki, taimako ya zo. Tsofaffin ɗalibaina da na zane da bulala suka riƙa turowa daga Kaduna da Abuja, wasu ma ban san su ba. Muka sayi dusa da harawa da kanwa. Dabbobin suka fara ɗaga kai. Ni ma na fara ɗaga nawa, har ina tafiya masallaci a hankali don a samu damar yi mini sannu da ƙoƙari.

Sai masu bayarwa suka ce suna son hoto na biyu, su ga inda kuɗinsu ya shiga. A nan ne malantata ta motsa. Na dubi kangon da idon mai jiran sufeto, abin da ya fara tsone mini ido shi ne igiyoyin. Kowace dabba da tata, ta rama, ta sha laka ta yi baƙi, tana wari, ga ƙulle-ƙulle a bakinta kamar carbin mahaukaci. Na shiga kasuwa na sayo sabuwar igiyar roba, shuɗiya shar, nannaɗe guda. Ran nan malamin dabbobi ya zo yin allura, na roƙe shi ya sauya wa kowacce tata tunda ya riga ya kama su. Tsofaffin na tara su bayan katanga, na zuba kalanzir, na ƙyasta ashana. Baba yana kwance a gida tun safe, an ce wuyansa ne ya riƙe.

Bayan la'asar ya fito yana dafa bango. Na tsaya gefe ina jiran yabo, har na shirya yadda zan ce ai ba komai.

Ya bi dabbobin da ido ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Ina igiyoyin?" Maganar ta fito ta tsakanin haƙora, kamar mai jin sanyi.

"Na ƙone su, Baba. Sun ruɓe."

Ya dubi inda hayaƙi ke tashi bayan katanga. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce, "To. Suna nan cikin kaina. Gobe mu sake." Ya juya ya shiga gida.

Matarsa, Inna Safinatu, ita ta tare ni a zaure da na bi shi in ji laifina.

"Ɗana," ta ce, "shekara arba'in shina dillanci bai taɓa riƙe alƙalami ba. Ƙullin nan da kag gani, shi na takardatai. Na farko, inda anka tsamo dabba. Na biyu, mai jirgin da ya gani da idonai. In mai dabba ya zaka, a duba igiya, a kira shaida, a ba shi abinai, kowa ya tahi da mutuncinai."

"In babu igiyar fa, Inna?"

"Dabbar da ba ta da shaida, ta wa ta?"

Na san amsar. A shekarun nan, a ƙasarmu, wanda aka samu da shanun da ba nasa ba, ba kullum yake kai wa gaban alƙali ba. Kuma shanun nan a kangona suke. Kuma fuskata ce ke yawo a wayoyin mutane tana cewa namu.

Goben da Baba ya ce ba ta zo yadda ya so ba. Da safe aka kai masa kunu, bakin ya ƙi buɗewa. Muƙamuƙinsa ya ƙage kamar an sa kwaɗo. Malamin asibitin da muka kira bai samu zuwa ba sai da yamma. Ya kwance tsumman ƙafar, ya duba, ya tambaya me ya yanke shi, Inna ta ce kwanon rufi ne cikin ruwa. Ya yi masa allura, sannan ya ja ni waje.

"Ku kai shi babban asibiti Sakkwato, kada ku wuce gobe da safe," ya ce. "Kafin nan ku rufe taga. Ba haske, ba hayaniya. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi, jikin zai sandare."

Na je wajen Murtala mai mota, ya ce yana nan tafe da hantsi.

Ya cika alkawari. Motarsa na tsaye a ƙofar gidan Baba, injin na aiki, muna shimfiɗa katifa a baya, sai muka ji babura. Guda huɗu ne, kowane da mutum biyu. 'Yan sa-kai ne, da gorori da adduna, biyu da bindigar toka rataye a kafaɗa. Ba su yi sallama ba. Na gaban ya sauka, siriri ne, idonsa ja kamar wanda ya daɗe bai yi barcin kirki ba. Ya ciro waya, ya danna, ya ɗaga ta sama, sai na ji muryata tana cewa, "Ku dubi waɗannan shanun namu."

Ban taɓa sanin muryata tana da muni haka ba.

"Kai na wanga?" ya ce.

Na so in ce ƙanena ne, mun yi kama. Amma hular da ke cikin hoton ita ce a kaina.

"Ni ne. Sannunku da zuwa. Ku shigo ku sha ruwa."

"Mun sha ruwa, Malam. Ruwa ya ishe mu." Ya nuna kangon da gorarsa. "Sunana Ashiru, daga Mandera. Baƙin san nan nawa na. Da shi nike huɗa. Gida ya tahi, gero ya tahi, shi kaɗai ya rage man. Anka ce man an ga ana kora shanu bisa titi an nuho Bodinga, ranar da kowa ka neman ɗiyanai cikin ruwa. Mako uku ina yawo. Sai ga shi cikin waya, bayan wani mai hula, ana tara kuɗi da shi."

"Tsamo shi aka yi. Wallahi tsamo shi aka yi."

"Wa ya gani?"

Mutanen unguwa sun fara taruwa, amma daga nesa, irin nisan da mutum zai iya cewa daga baya shi bai ga komai ba. Wani daga cikin 'yan sa-kan ya shiga kangon yana duba kunnuwan shanu. Ya ɗaga shuɗiyar igiyar, ya ce, "Duk sabbi. An sauya musu igiya." Ya faɗe ta a hankali, kamar mai karanta hukunci. Na ji fitsari ya matso ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran izini. Adawiyya na leƙe ta ƙofar gidanmu, na yi mata alama ta koma ciki.

Mai unguwa ya iso yana haki, ya ce a yi haƙuri, a bi a hankali. Na ce Baba Sodangi ne ya kawo su. Wani dattijo cikin baƙin, mai furfura a gemu, ya ɗago kai.

"Sodangi dillali? In shi yac ce, mun yarda. Ubana ya sayi sa hannunai. Shi hito shi hwaɗi."

"Ba ya iya magana. Bakinsa ya rufe tun jiya."

Ashiru ya yi wata 'yar dariya marar sauti. "Tun jiya," ya ce. Ya dubi 'yan uwansa. Ɗaya ya sauke bindigarsa daga kafaɗa, bai nuna kowa ba, ya dai riƙe ta.

Na shiga gidan Baba. Ɗakin duhu ne, Inna ta toshe taga da zane. Yana kwance a miƙe kamar icce, haƙora a cije, leɓensa a ja baya kamar mai murmushi, alhali ba murmushi ba ne. Idanun ne kawai nasa. Kwana biyu ina yi masa addu'ar samun sauƙi, kuma ina so in ce don Allah nake yi. Ran nan da na durƙusa gaban gadonsa, ban iya rantsewa ran wa nake roƙo ba.

"Baba," na ce a hankali, "masu baƙin sa sun zo. Sun zo da bindiga."

"Malam Lirwanu," in ji Inna, "kai ka ji abin da likita yac ce. Mota na waje."

"Na ji, Inna."

"To mi kake so shi yi ma?"

Ban tashi ba. Wannan ita ce gaskiyar, na durƙusa nan na ƙi tashi. Sai hannun Baba ya motsa a kan zanen gado. Babban yatsa da manuni suna murza juna, suna murza abin da babu. Inna ta daɗe tana kallon hannun. Sannan ta juya mini baya, ta ce, "Igiya shike so."

Mu huɗu muka ɗauko shi da gadon muka ajiye a bakin zaure. Hasken na taɓa shi bayansa ya gantsare, ya tashi daga katifa kamar baka, wani sauti ya fito ta hancinsa. Dattijon nan ya cire hularsa ya tare masa rana da ita. Muka jira har jikin ya sake shi.

"A kawo san," in ji mai unguwa. "Ba kai ba, Ashiru. Wanda ake tuhuma."

Haka na shiga kangon na kwance bajimin da hannuna. Ina jan igiyar ina karanta duk abin da ya zo bakina, har addu'ar shiga kasuwa. Ya biyo ni salin-alin, ina jin ƙasa na motsi a bayana. Na miƙa wa Baba bakin igiyar.

Yatsunsa ba su mutu ba. Suka kama, suka lanƙwasa, suka ja. Ƙullin ya zame. Igiyar roba ce, santsi gare ta, igiyata mai kyau. Ya sake, ta sake zamewa. Gumi na bin goshinsa. Ashiru da kansa ya tsuguna, ya riƙe masa ɗaya bakin ya ja da ƙarfi, sannan ta zauna. Uku a jere, ɗaya can nesa da su.

Inna ta shafa su da yatsa daga bayan ƙofa. "Lambunan gabas da Mandera," ta ce. "Jirgin Idi."

"Idi na Gaɓa?" in ji dattijon. "Akwai lambatai."

Aka kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Aka sake. A tsakanin kira na biyu da na uku na tuna ban taɓa gaya wa Adawiyya inda takardar kangon take ba. A na uku ya ɗauka, aka buɗe murya kowa na ji, iska na kaɗawa a bayansa.

"Baƙin sa? Na tsoho Sodangi? Ƙwarai. Shina jan turkenai, turken da zoben ƙarhe, ya sarƙe cikin shingen lambu, ruwa har wuya. Nac ce ma tsoho a bar shi, za shi kihe muna jirgi. Yac ce mai san ga talaka na, dubi kahwaɗatai duk kanta ta huɗa. Ya diro ruwa. Nan na kwano ya sare shi ga ƙahwa. Lahiya dai? Ya jikin tsohon?"

Ashiru yana tsugune, igiyar na hannunsa har yanzu. Ya ce, "Zoben ni na sa shi." Ya jingina gorarsa da bango. Mai bindigar ya mayar da ita kafaɗa, ya koma baya yana duban ƙasa.

Na ce, "Alhamdu lillahi. Murtala, buɗe baya." Sai Baba ya sake buɗe tafin hannunsa.

"A'a, Malam," in ji Inna, tana duban mijinta. "Ya isa. Ka tahi asibiti."

Hannun bai rufe ba.

A nan ya kamata in yi magana. Ni ne mai boko, ni likita ya ja gefe ya ce kada a wuce safe. Da na ce a ɗauke shi, da an ɗauke shi, don ba shi da bakin musu. Amma na dubi kangon, na ga sauran dabbobin, kowacce da mai ita a wani wuri, kowane mai ita da babur da 'yan uwa. Kowane ƙulli mutum guda ne da ba zai zo ƙofata da bindiga ba. Na je na kwanto jar saniya.

Murtala ya kashe injin.

'Yan sa-kan da suka zo kama ni su suka koma jawo dabbobi. A kawo, a miƙa masa, Ashiru ya ja, Inna ta faɗa, ni in maimaita da ƙarfi don jama'a su ji. Jirgin Idi. Jirgin Maniru. Bayan makabarta, jirgin Idi. Tsakanin kowace biyu ko uku jikin ya sandare, mu tsaya, dattijon na riƙe da hula har hannunsa ya gaji ya sauya. Inuwar zauren ta janye ta bar ƙafafun gadon. Saura awaki huɗu da jaki, sai ciwon ya sake taso masa fiye da na baya, leɓensa ya yi baƙi, muka ɗauka shi ke nan. Da ya sake shi, Inna ta fito har waje, abin da ban taɓa gani ba, ta ce, "Ku ɗauke shi. Wanda ya sake kawo igiya, ban yahe ba."

Ana kiran azahar muka hau titi. Ina baya tare da shi, kansa a cinyata, Ashiru na biye da mu a babur. Da muka fita gari na lura akwai guntuwar igiya a hannunsa, ragowar da aka yanke. Yatsun suna aiki a hankali. Na ce, "Bari, Baba, ka huta." Bai bari ba. Kowane rami Murtala ya shiga, sai in ji jikin ya ɗaure a kan ƙafata, in ce, "Sannu, Baba," kamar sannu magani ce.

Ba mu kai rabin hanya ba na ji nauyinsa ya sauya. Bakin da ya ƙi buɗewa kwana biyu ya saki da kansa. Na ce wa Murtala ya tsaya. Ashiru ya iso, ya leƙo ta taga, ya yi salati a hankali. Muka juya.

Bayan la'asar aka kai shi. Mutanen Mandera ba su tafi ba, da su aka ɗauki makara, ni da Ashiru muna gefe ɗaya, ba wanda ya dubi wani. Da za su tafi ya kwance sansa, ya tsaya kamar zai ce wani abu, sai ya ce, "A yi haƙuri, Malam." Na ce, "Sai haƙuri." Ban san wanne yake nufi ba, ban tambaya ba.

Washegari na aika wa Inna guntuwar igiyar ta hannun Adawiyya. Ta dawo mini da ita.

"Ta ce bakin gada, jirgin Maniru."

"Ta wacce ce?"

"Ta ce ba ta sani ba. Shi kaɗai ya sani."

Na shiga kangon da ita a hannu. Awakin nan huɗu suka ɗago kai suna tauna, jakin yana tsaye a inuwa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa, kamar akwai abin da zan gani. Daga baya na rataye ta a ƙusar da ke jikin bango, daidai tsakiyarsu, na ɗebo harawa na zuba musu.